Daga Ƙaho Zuwa Bangon Sunaye: Tarihin Shelar Mutuwa a Wurin Yahudawa

Mutuwa rigar kowa ce, amma kowace al'umma da yadda take kai labarinta. A wurin Yahudawa, kai labarin rasuwa ya wuce ladabi da zumunci, domin akwai hukuncin addini rataye da shi. Ranar da labari ya iso kunnen ɗa ita ce ke nuna ko zai zauna ƙasa kwana bakwai ko kuwa ɗan lokaci kaɗan. Shaidar mutum guda na iya kwance matar da mijinta ya ɓace, rashinta kuma ya bar ta a ɗaure har tsufa. Saboda haka wanda ya bi diddigin wannan al'ada zai iske tarihin al'ummar kanta a ciki: zamanta a garuruwan Babila, zamanta a unguwannin Turai, warwatsuwarta zuwa ƙetaren teku, da kuma kisan ƙare dangi na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya bar miliyoyin matattu babu shela, babu rana, babu kabari.

Dalilin gaggawa

Tushen lamarin shi ne saurin binnewa. Malaman Yahudawa sun fahimto daga Attaura cewa bai halatta gawa ta kwana ba tare da uzuri ba, kuma har yanzu a Birnin Ƙudus akan yi jana'iza ko da tsakar dare ne. Idan kuwa za a binne mutum a ranar da ya cika, to dole labari ya game gari cikin ƴan sa'o'i, don a samu masu wanka, masu ɗinkin likkafani, masu gina kabari da masu ɗaukar makara.

Talmud, babban kundin fiƙihun Yahudawa da aka harhaɗa a Babila, wato Iraƙi ta yau, wajajen ƙarni na 6 na Miladiyya, ya nuna cewa da ƙaho ake wannan shela. Ya kawo labarin wani malami mai suna Rab Hamnuna, wanda ya shiga wani gari ya ji ana busa ƙahon mutuwa, amma ya ga mutane na ta sana'arsu kamar ba abin da ya faru. Ransa ya ɓaci har ya yi niyyar sa musu takunkumi, domin ƙa'ida ita ce idan akwai gawa a gari kowa ya ajiye aikinsa sai an binne ta. Sai suka shaida masa cewa garin na da ƙungiyoyin da ke ɗaukar nauyin matattu, kowace da nata. Da jin haka ya janye, ya halatta musu aikin. Wannan ɗan gajeren labari ya ƙunshi abubuwa biyu da za su daɗe: shela ga jama'a duka, da kuma ƙungiya ta musamman da ke tsayawa a madadin jama'a.

Bakin da ba ya son faɗi

Sai dai wannan al'ada mai son gaggawa tana kuma ƙyamar a furta mugun labari kai tsaye. Lokacin da Rabbi Yahuda Hanasi, wanda ya tattara littafin Mishna wajajen shekara ta 200, yake kan gargarar mutuwa a garin Siffori na ƙasar Galili, almajiransa sun yi barazanar soke duk wanda ya fara cewa ya rasu. Wanda ya iske shi ya cika, wato Bar Kaffara, ya yage rigarsa, ya juya yagar zuwa baya, sannan ya fito ya yi musu magana da misali. Ya kwatanta malamin da akwatin alkawari da mala'iku da ƴan Adam ke ja-in-ja a kansa, ya ce mala'iku sun rinjaya. Da suka tambaye shi ko malam ya rasu ke nan, sai ya nuna musu cewa daga bakinsu maganar ta fito.

Akwai kuma labarin Rab, wanda ya taso daga Babila ya je Falasɗinu wurin baffansa Rabbi Hiya. Baffan ya tambaye shi lafiyar mahaifinsa, sai ya karkata magana zuwa mahaifiyarsa. Ya tambaye shi mahaifiyar, sai ya maida magana ga mahaifin. Dattijon ya gane cewa duka biyun sun riga mu gidan gaskiya. Ya sa bawansa ya cire masa takalmi, alamar makoki, sannan ya ce ya biyo shi da kayansa zuwa gidan wanka. Daga nan malamai suka fitar da hukuncin da ake bi har gobe. Labarin da ya iso cikin kwana 30 da rasuwa, ana kiransa labari na kusa, kuma wanda ya ji shi zai fara cikakken makoki daga ranar da ya ji. Wanda ya iso bayan kwana 30 labari ne na nesa, ɗan zama kaɗan ya wadatar, sai dai idan uwa ce ko uba, ɗa zai yage rigarsa komai daɗewar rasuwar.

Ya kamata mai karatu ya san nauyin abin da ake magana a kai. Makokin Yahudawa ya wajaba a kan dangi bakwai: uba, uwa, ɗa, ɗiya, ɗan'uwa, ƴar'uwa, da miji ko mata. Kwana bakwai na farko, da ake kira shiba, mai makoki ba ya fita aiki, ba ya sa takalmin fata, ba ya aski, yana zaune a ƙasa ko a kan gajeriyar kujera yana karɓar masu ta'aziyya. Bayan haka sai sassaucin makoki har cikar kwana 30, ga iyaye kuwa har wata 12. Ɗa namiji zai riƙa karanta addu'ar kadish cikin jam'i na tsawon wata 11, kuma jam'in ba ya ƙulluwa sai da mutum goma. Wanda ya kawo labari, to shi ya buɗe ƙofar duk wannan.

Shi ya sa littafin Shulhan Aruk na Yusufu Karo, wanda aka buga a birnin Venise a 1565, ya ce babu tilas a sanar da wanda bai ji ba, amma idan ya yi tambaya ba a yi masa ƙarya. Majinyacin da ake tsoron labarin zai ƙara masa ciwo, ba a gaya masa. Musa Isserles na Cracovie, wanda ya yi wa littafin ta'aliƙi don Yahudawan Jamus da Polan, ya ƙara da cewa al'ada ta gudana a sanar da ƴaƴa maza domin su samu damar karanta kadish. Wannan littafi ya kuma ambaci al'adar zubar da ruwan da aka ɗebo aka ajiye a gidan mutuwa da gidajen maƙwabta. Wasu sun danganta hakan da tsoron cewa mala'ikan mutuwa ya taɓa ruwan. Wasu malaman kuwa sun ce hikimar ita ce mai wucewa ya ga ruwa kwance a ƙofar gida ya gane an yi rashi, ba sai wani ya buɗe baki ba.

Unguwannin Turai

A Turai, ƙungiyoyin da Rab Hamnuna ya tarar sun zama hukuma mai tsari da ake kira hebra kadisha, ma'ana ƙungiya mai tsarki. Wadda ta fi shahara ita ce ta birnin Prague, wadda Rabbi Eliyezer Ashkenazi ya kafa a 1564. Shiga cikinta girma ne babba, tana da dokokinta, da asusunta, da littafin da take rubuta sunan kowane mamaci da ranarsa da gurbin kabarinsa. Wajajen 1772 an zana mata jerin hotunan da ke nuna aikinta daki-daki, tun daga gaida mara lafiya, da addu'a a kansa, da wanka, da ɗinkin likkafani, har zuwa wanke hannu a bakin maƙabarta. Hotunan na ajiye a gidan tarihin Yahudawa na birnin.

Mai kai labari a waɗannan unguwanni shi ne shamash, wato hadimin majami'a. A garuruwan Jamus da Polan akwai mai bi gida-gida da asuba yana ƙwanƙwasa ƙofofi da tagogi da ƴar gudumar katako don tada mutane zuwa addu'a. A wurare da dama, idan an yi rasuwa da dare, sai ya rage bugu ɗaya daga abin da ya saba. Mutum na kwance a kan gadonsa zai ji bugu biyu maimakon uku, ya san akwai gawa a unguwa tun kafin ya san ko wane ne. A lokacin rakiyar makara kuma, hadimin kan bi jama'a yana kaɗa gwangwanin sadaka, yana tunatar da su falalar bayarwa.

Shelar ba ta ƙarewa ranar jana'iza. A ƙasashen Jamus ne al'adar tuna ranar rasuwa kowace shekara ta kafu, wadda ake kira yarzait, inda ake kunna fitila, a karanta kadish, a ambaci sunan mamaci a majami'a. A can ne kuma aka fara rubuta littattafan tunawa. Bayan kisan gillar da mayaƙan Yaƙin Gicciye na farko suka yi wa Yahudawan Spire, Worms, Mayence da Cologne a 1096, al'ummomin sun tattara sunayen waɗanda aka kashe. Mafi tsufan irin wannan kundi da ya tsira shi ne na Nuremberg, wanda wani marubuci mai suna Ishaku ɗan Sama'ila na Meiningen ya fara a 1296. Akan karanta sunayen da babbar murya a wasu ranakun Asabar na musamman. Wato tun shekaru 700 da suka wuce an riga an yarda cewa wanda aka kashe cikin taro, aka rasa mai yi masa shela a ranar, yana da hakkin a kira sunansa daga baya.

Zamanin takarda da jarida

Daga ƙarshen ƙarni na 18 hukumomin Turai suka fara sa hannu cikin al'amarin. A 1772 sarkin Mecklenburg-Schwerin, saboda tsoron binne mutum da ransa, ya hana Yahudawan ƙasarsa binne gawa kafin kwana uku. Jama'ar suka kai kuka ga manyan malamai biyu. Musa Mendelssohn na Berlin ya taimaka musu da takardar roƙo, amma ya gaya musu cewa a ganinsa jinkirin bai saɓa wa addini ba, shi kuwa Yakubu Emden ya tsaya kai da fata a kan tsohuwar al'ada. A Faransa, kundin dokokin Napoleon na 1804 ya hana binnewa kafin sa'o'i 24, kuma sai da izinin jami'in hukuma. Daga nan mutuwar Bayahude ta zama tana da rajista biyu: littafin hebra kadisha da littafin magajin gari.

A daidai lokacin nan dangi suka fara nisa da juna. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan 2 sun bar gabashin Turai zuwa Amurka. Tsohon hukuncin labari na kusa da na nesa ya koma hannun jirgin ruwa da gidan waya, domin wasiƙar da ta makara da mako guda na iya maida makokin kwana bakwai ya koma na sa'a ɗaya. Jaridun al'umma suka cike giɓin da shamash ya bari. An kafa Allgemeine Zeitung des Judenthums a Leipzig a 1837, Archives israélites a Faris a 1840, Jewish Chronicle a Landan a 1841, sai Forverts mai fita da harshen Yiddish a Niyok a 1897. A irin waɗannan shafuka ne sanarwar rasuwa ta samu siffar da aka san ta da ita: suna, da haruffan Ibrananci biyu masu roƙa wa ambaton mamaci albarka, da lokacin jana'iza, da gidan da za a yi zaman shiba. Sau da yawa akan ƙara da roƙon kada a kawo furanni, a ba da sadaka a madadinsu, domin tun zamanin Rabban Gamaliyel, wanda ya yi wasiyya a binne shi cikin farin lilin mara ado don kada talaka ya ji kunya, ake son mai kuɗi da matalauci su tafi iri ɗaya.

A Birnin Ƙudus kuwa bango ne ya zama jarida. A unguwar Meya Sheyarim, wadda aka kafa a 1874, da sauran unguwannin masu tsananin riƙo da addini, ana liƙa manyan takardu farare masu baƙin rubutu da baƙin zagaye. A sama akan sa kalmomin da Bayahude ke furtawa idan ya ji mugun labari, masu shaida cewa Ubangiji alƙali ne na gaskiya, a tsakiya kuma sunan mamaci da manyan haruffa. Idan babban malami ne, mota mai lasifika kan zagaya unguwanni tana faɗin sa'ar jana'iza, aikin da ƙaho ke yi a zamanin Rab Hamnuna.

Matattun da ba a yi wa shela ba

Duk wannan tsari ya ginu a kan abubuwa uku: akwai gawa, akwai rana, akwai wanda ya gani. Gwamnatin Nazi ta Jamus da masu taya ta sun kashe Yahudawa wajen miliyan 6, kuma akasarinsu sun mutu babu ko ɗaya daga cikin ukun. An kashe iyali gaba ɗaya, an kashe shamash da ƴan hebra kadisha tare da su, an ƙona littattafan rajista, an ƙona gawarwakin.

Jaridar Aufbau, wadda ƴan gudun hijira masu jin Jamusanci suka kafa a Niyok a 1934, ta zama maƙabarta ta takarda. Daga 1944 zuwa 1946 ta riƙa buga jerin sunayen waɗanda suka tsira, a gefe kuma ga sanarwowin iyalan da sai a lokacin suka ji cewa iyayensu sun mutu a sansanin Theresienstadt ko Auschwitz shekara biyu ko uku da suka gabata. Kusa da suna akan rubuta garin da mutum yake a da, kamar Frankfurt ko Vienne, a ƙasa kuma sunayen ƴaƴa, wannan a Amurka, wancan a Ingila, wani a Ajantina, wani a Falasɗinu. A Faris, otal ɗin Lutetia ya zama masaukin masu dawowa daga sansanoni tsakanin Afrilu da Agusta na 1945, iyalai suka cika bangayensa da hotuna da ƴan takardun cigiya. A shekarar ce kuma Hukumar Yahudawa ta buɗe ofishin cigiyar dangi a Birnin Ƙudus, aka shafe shekaru ana karanta sunaye ta rediyo, mutane na zaune tsit suna jiran su ji nasu.

Malamai sun fuskanci tambayoyi biyu masu wuya. Ta farko ita ce ta matar da ake kira aguna, wadda mijinta ya ɓace, ba saki, ba shaidar mutuwa, don haka ba ta da damar sake aure. Tun a Mishna an sassauta ƙa'idar shaida a nan: inda sauran shari'o'i ke neman shaidu biyu maza, a nan ana karɓar mutum ɗaya, ko mace, ko wanda ya ji daga wani, har ma wanda ba Bayahude ba idan ya faɗi maganar cikin hira ba da wata manufa ba. Bayan 1945 kotunan malamai a Turai da Falasɗinu sun yi ta tattara irin waɗannan shaidu, wa ya ga wane a wane jirgin ƙasa, wa ya gan shi a layin da aka ware, don su kwance matan da suka tsira.

Tambaya ta biyu ita ce ta rana. Ɗan da bai san ranar da aka kashe mahaifinsa ba, yaushe zai kunna fitila ya karanta kadish? Jim kaɗan bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948, majalisar manyan malamanta ta keɓe ranar 10 ga watan Tebet a matsayin ranar kadish ta kowa da kowa. Tun da can ranar azumi ce, ta tunawa da fara kewaye Birnin Ƙudus da Nebukadnezzar sarkin Babila ya yi. Hukumar Faransa ma ta ci karo da wannan matsala ta ɓangarenta. Takardun mutuwa da yawa da aka bayar bayan yaƙi sun nuna cewa mutum ya mutu a Drancy, wato sansanin da ke bayan birnin Faris inda jirage ke tashi, alhali can Polan aka kashe shi. Sai a ranar 15 ga Mayu 1985 aka kafa dokar da ta ba da damar gyara takardun, ta kuma tanadi cewa wanda aka sa a jirgi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, a ɗauka ya mutu a rana ta biyar bayan tashin jirgin, a wurin da jirgin ya dosa. Shekaru 40 aka ɗauka kafin takardar hukuma ta faɗi inda mutanen suka mutu.

Kiran sunaye

Abin da ya rage shi ne a koma ga dabarar marubucin Nuremberg. Waɗanda suka tsira daga garuruwan Polan, Lituwaniya da Yukren sun haɗa kuɗi sun buga ɗaruruwan littattafan tunawa, kowane gari da nasa, da taswirar titunansa da jerin matattunsa. A 1978 lauya Serge Klarsfeld, wanda aka kashe mahaifinsa a Auschwitz, ya buga kundin sunayen Yahudawa kimanin 76,000 da aka kwasa daga Faransa, jirgi bayan jirgi, da ranar haihuwa da garin kowa. Iyalai da yawa a nan suka fara sanin ranar da aka tafi da nasu. A watan Janairu 2005 aka buɗe bango a Faris da aka sassaƙa waɗannan sunaye a jikinsa, fiye da 11,000 daga ciki na yara ne. Cibiyar Yad Vashem, wadda aka kafa a Birnin Ƙudus a 1953, tana karɓar takardar shaida mai shafi ɗaya daga duk wanda ya san wani da aka kashe, ya rubuta sunansa, da iyayensa, da sana'arsa, da abin da ya sani na ƙarshensa. A 2004 ta sa kundin a intanet da sunaye kusan miliyan 3, a 2025 kuma ta ba da sanarwar cewa sun kai miliyan 5.

A yau yawancin sanarwowin rasuwa na Yahudawa ta wayar hannu suke yawo, kuma wuya labari ya kai kwana 30 bai iso ba. Amma abin da ke cikin saƙon bai sake ba tun zamanin ƙaho: wane ne, yaushe za a binne shi, a wane gida za a zauna, da fatan a samu mutum goma don addu'a. Waɗanda suka san mutanen da aka kashe a yaƙin suna ta ƙarewa, kuma har yanzu akwai kimanin mutum miliyan 1 da ba a kai ga rubuta sunayensu ba.